Marken Da Aka Sa Wa Lamba

An cinye wa ƙanwata damina guda da ruwan sassaƙe, kuma har yau ban yafe ba. Ba mutum ɗaya nake tuhuma ba. Ina tuhumar mijinta, ina tuhumar uwar mijin, ina tuhumar mutanen jami'a da suka zo mana da farar mota, ina tuhumar garinmu da bakinsa ba ya rufuwa. Wanda yake ganin na cika riƙo, ya je ya ga abin da ciwon daji yake yi wa nonon mace daga shuka zuwa girbi, sannan ya dawo mu yi magana.

Auta muke ce mata. Mu biyu muka rage a ɗakinmu, kuma ni na goya ta har bayana ya saba da nauyinta. Aurenta yana wani ƙauye ta wajen Watari, mijinta manomin rani ne, tumatir da albasa. Ni kuwa ina garinmu, kan hanyar Shanono, a gidan da maigidana ya rasu ya bar ni. Gonakinmu a matse suke, idan ka yi tuntuɓe a taka sai ka faɗi a ta maƙwabci. Ina da ɗan tsirin gona da na gada a wurin mahaifiyarmu, a bakin iyakarta akwai wani tsohon marke. Tun muna yara idan tari ya kama mu, a jikinsa ake saro ɓawo a dafa mana. Na san baurinsa kamar yadda na san muryata.

Shekarun nan ne da fetur ya tashi, taki ya gagari talaka, gidajen da a da suke zuba wa kaji afafata, dagargajajjiyar shinkafar nan, suka koma dafa ta suna ci. Shiga birni ya zama abin da sai an yi shawara. A wannan lokacin Auta ta ji kullutu a nononta na hagu. Ta ɓoye har rani ya yi nisa, ranar da na je suna ƙauyensu na ga yadda take ɗaga tulu da hannu ɗaya. Na ja ta ɗaki, na taɓa, ban bar ta ta kwana biyu ba na kai ta asibitin birni. Aka yanki ɗan nama aka auna, aka ce daji ne. Likita ya ce za a riƙa sa mata wani ruwan magani ta jijiya, a huta a sake, a huta a sake, idan kullutun ya motse sannan a yi aiki.

An sa mata na farko, an sa na biyu. Ba zan yi wa maganin nan ado ba, mugu ne. Ta yi amai har ba abin da ya rage a cikinta, bakinta ya yi gyambo, gashinta ya zube a kan matashi kamar an aske. Amma da hannuna na taɓa, kullutun ya ragu, ya yi laushi.

Matsalar ita ce, a wajenmu kowace tsohuwa ta san cewa daji ba ya son ƙarfe. Da shi muka tashi. Wai idan allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Ni ma na yarda da wannan har na yi furfura, sai da na shiga ajin yaƙi da jahilci bayan rasuwar maigidana, na fara karanta abin da ake liƙawa a bangon asibiti, na fara lura cewa matan da ake ba da labarinsu sai da abin ya fashe aka kai su. To da matan gidan su Auta suka ga kanta ya zama ƙwarya, sai suka ce ai ga shi nan, an tsokane shi.

Ana cikin haka, farkon damina, farar motar ta zo.

Ina gida aka ce mini ga baƙi can a gonata tare da mai unguwa. Kafin in ɗaura mayafi in isa sun gama. Su uku ne da direba: wani dattijo mai gilashi wanda da gani shi ne babba, wani mai riƙe da jaka, da wata matashiyar malama sanye da safar hannu tana zuba ɓawon markena a ambulan. Na tarar an buga wani ɗan farantin ƙarfe da ƙusa a jikin itacen, bai fi tafin hannu ba.

"Mai unguwa, yaushe ka gaji uwata?" na ce.

Ya yi dariyar da manya suke yi idan an kama su. "Haba, baƙi ne daga jami'a. Bincike suke a kan itatuwan magani. Sun ɗebi gwandar daji da ƙirya a can gaba, ɗan kaɗan suka sara."

Malamar ta durƙusa ta gaishe ni, ta ba ni haƙuri, ta ce za su dawo da kaka su sake ɗiba don su gwada na damina da na bayan ruwa. Na tambaye ta ƙarfen fa? Ta ce don su gane itacen da suka taɓa ne. Ban yarda ba. Suka tafi.

Ashe lokacin da suke gona, direbansu yana teburin mai shayi. An tambaye shi me ya kawo su, ya ce maganin daji suke nema. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, mai shayin da kansa ya rantse mini. Kafin kasuwa ta sake ci, maganar ta koma jami'a ta gano maganin daji a garinmu, har gwamnati ta sa masa lamba.

Ku lura da kyau, ba a ce marke ba. Marke ai daga nan har Shanono ba ya ƙirguwa, yana tsaye a gonar kowa, ba wanda ya kalle shi. Wannan ɗin, mai ƙarfen. Hujjar mutane kuwa ba ta da wuyar ganewa: a tsadar man nan, wa zai ƙona fetur tun daga birni ya zo ya buga ƙusa a itacen banza?

Wata safiya na je gona na tarar da maza sun kewaye itacen suna leƙen farantin. Ɗaya ya hango ni.

"Yauwa, ga 'yar boko da furfura. Zo ki karanta mana."

Na je na karanta. Haruffa biyu ne da lamba.

"Sai me?"

"Shi ke nan."

"Haba, duk wannan ƙarfen?"

"Ku ƙyale ta, Turanci ne, ajinsu ba su kai nan ba."

"Ko dai ta gane, ɓoyewa take, ita kaɗai ta riƙa sayarwa," in ji wani da na san ranar da aka yi masa kaciya.

Na ce masa idan na fara sayarwa shi zan fara ba wa kyauta ko bakinsa ya sami lafiya. Aka yi dariya, amma ba wanda ya bar wurin da tunani dabam da wanda ya zo da shi.

Da can ɗibar sassaƙe tana da ladabi. Ana sara kaɗan ta gabas, kaɗan ta yamma, a shafa wa wurin ƙasa, a bar sauran jikin don itace ya rayu. Wannan karon ba wanda ya tsaya neman gabas. Da gatari ake zuwa, da adda, har da buhu. Na yi shingen ƙaya, aka janye. Na sake yi, aka ƙone. Mutanen da ban taɓa gani ba suna tsayar da babur a ƙofata suna tambayar hanyar itacen asibiti, suna tattake mini gero.

Duk wannan bai dame ni ba kamar shirun da na ji daga wajen Watari. Lokacin komawar Auta asibiti ya yi, na kira wayar mijinta, ya ce likita ya ɗaga ranar. Na yarda. Na sake kira, ya ce likitoci suna yajin aiki. Ni kuwa rediyona ba ya mutuwa, ko ina surfe yana rataye a jikin danga, ban ji an yi maganar yajin aiki ba. Idan na ce a ba ni Auta, sai a ce tana barci, ko ta shiga maƙwabta. Mace mai wannan ciwon da shiga maƙwabta. Noma ya riƙe ni, ga hanya ta cika da ruwa, sai bayan maimai na samu na hau babur na je ba tare da na gaya wa kowa ba.

Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Ta yi ɗan kumari, ta tashi da fara'a za ta karɓi mayafina, ɗankwalinta ya zame. Gashi ne a kanta, baƙi, mai laushi kamar na jariri. Da wata yayar ce da ta yi murna. Ni gabana ne ya faɗi, don likita ya gaya mana gashin ba zai tsiro ba sai an daina maganin. Da ta yi murmushi na ga haƙoranta sun rine. Ban tambayi kowa ba, na zagaya bayan rumbu, na tarar da tukunya a kan duwatsu, na buɗe. Tururin da ya bugi fuskata na tarin yarintata ne.

"Auta, yaushe rabonki da asibiti?"

"Yaya, ki zauna ki sha ruwa mana."

"Yaushe rabonki?"

"Na samu sauƙi fa. Ina ci, ina barci, ba amai. Dubi kaina."

"Na ga kanki. Zo in ga ƙirjinki."

Ta ƙi. Ta ce akwai mutane. Na ja ta ɗaki kamar yadda na yi da rani, na ɗaga rigar. Abin da na bari ya yi laushi ya koma kamar goruba, ya fi da girma, fatar wurin ta yi ƙuraje-ƙuraje kamar ɓawon lemo. Na sa hannu a hammatarta na ji wasu 'yan ƙananan a jere. Ta riƙe mini hannu, ta yi ƙasa da murya.

"Yana sukata, Yaya. Kwanan nan har ɗan ruwa yake yi. Kada ki faɗa wa Iya, za ta ce ban yarda da maganin ba ne ya sa."

Iya ita ce uwar mijin. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi, kuma duk abin da ake yi a gidan a kunnenta ake yi. Da na fito na gaishe ta, ba ta jira na tambaya ba. Ta ce maganin yana da sharaɗi, muddin ana shan sa ƙarfe ba zai taɓa jiki ba, ko allurar zazzaɓi. Ta ce kumburin da na gani alama ce ciwon yana tattaruwa wuri ɗaya zai fito. Na ce, "Iya, wa ya kafa sharaɗin?" Ta ce ai sananne ne. Na ce wa ya faɗi yawan da za a sha? Ta ce ai magani ba ya yawa.

Mijin ya shigo da injin feshi a bayansa, ya gan ni, ya tsaya cik. Ba mugun mutum ba ne, wannan shi ya fi ba ni haushi. Ya sauke injin, ya durƙusa daga nesa.

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Malam, an janye yajin aikin?"

Ya sunkuyar da kai. Na tambaye shi ina yake samo sassaƙen, ya ce a gonata. Da asuba yake zuwa a babur, ya wuce ta ƙofar gidana, ya sara, ya koma, bai taɓa tsayawa ya yi sallama ba. Na ce ashe har da gatarinsa a cikin waɗanda suka feɗe mini itace.

"Yaya, wallahi ba ƙyashi ba ne. Albasata na sayar tun ba ta yi daraja ba na kai ta asibiti, kuma da zan sake. Amma ke kin ga yadda take dawowa. Ni nake ɗaukar ta daga bakin titi kamar gawa. Yanzu kuwa ga ta tana tsintar wake. Kuma su 'yan bokon da kike yarda da su, ba su ne suka baro asibitin suka zo suka sa wa itacen lamba ba? Da maganinsu yana yi, me suka zo nema a gona?"

Na ɗauki mayafina. Tambayarsa ce ta mayar da ni gida ranar ba tare da Auta ba. Don ni ma tambayar tana cikina. Me suka zo nema? Wata zuciyar ta ce mini sun san itacen yana magani, za su kai birni su zuba a kwalba su sayar wa masu hali, mu a bar mu da allurar da take zubar da gashi. Wata ta ce ba su san komai ba, takardar da za ta ƙara musu girma a wurin aiki suke nema, mu ne gonar. Ko ta ina na juya, ban ga inda aka yi don Auta ba.

Na je wa mai unguwa ya ba ni lambar wayarsu, ya ce takardar ta ɓace. Na koma ƙauyen su Auta ba sau ɗaya ba, kullum Iya tana bakin ƙofa, kullum Auta tana cewa da sauƙi da babbar murya, idonta yana faɗar wani abu dabam. Na roƙi mijin, ya ce a bari maganin ya cika kwanakinsa. Na tambayi kwana nawa ne, ya ce Iya ta sani.

Sai da aka fara yankan gero motar ta dawo. Wannan karon na riga su. Tun da aka ce an hango ta a bakin kasuwa na ɗauki tabarmata na je na zauna a gindin marken. Itacen ya zama abin tausayi, fari fat daga ƙasa har inda hannun mutum zai kai idan ya taka babur, ganyensa ya yi rawaya yana zuba alhali 'yan uwansa suna kore shar. Farantin kaɗai aka bar wa ɗan ɓawo a kewaye, don kada albarkar ta faɗi.

Malamar ce ta fara sauka. Ta tsaya ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Wa ya yi wannan?"

"Ku."

"Mu kuma, Inna?"

"Ku da ƙusarku. Zauna nan, yau ba mai sara sai an amsa mini."

Ta zauna a gefen tabarmar. Babbansu ya tsaya a inuwar mota yana duba agogo. Na gaya mata komai, tun daga direba da mai shayi har tukunyar bayan rumbu. Tana ji tana girgiza kai. Na ce ta bar girgiza kai ta gaya mini da Hausa, itacen nan yana maganin daji ko ba ya yi?

"Ba mu sani ba, Inna."

"Ba ku sani ba kuka ƙona mai?"

"Don ba mu sani ba muka ƙona shi." Ta dubi bakin zanena inda nake ƙulle goro. "Ara mini goronki ɗaya."

Na kwance na ba ta, ina kallon hannunta. Ta gatsa ta ajiye ɓarin a kan tabarma. Fari ne, kafin mu gama gaisawa da wata mata da ta zo wucewa, wurin da ta gatsa ya yi ja, ya fara dafewa.

Ta ce iska ce ta yi masa haka, ita ce kuma take sa fartanya tsatsa. Ta ce irin wannan yana faruwa a cikin jikinmu kullum, duk numfashin da muka ja yana barin ɗan abin da yake cin nama a hankali, amma Allah ya yi wa jiki abin da yake share shi. Idan ya yi yawa har ya fi ƙarfin sharar, saboda hayaƙi ko guba ko wani dalili, sai ya lalata ƙananan ƙwayoyin naman da ido ba ya gani, daga nan wasu su kangare su yi ta haihuwa ba tsayawa. Wannan yana cikin hanyoyin da daji yake farawa. Ta ce ganyaye da ɓawon wasu itatuwa suna da sinadaran da suke rage wannan tsatsar, shi ya sa suke tattarawa, su tace, su ware, su ɗiga a kan ƙwayoyin daji da suke rainawa a cikin kwalba su ga abin da zai faru.

"To me ya faru?"

"Ba mu gama ba. Ko da ya kashe su a kwalba, Inna, kwalba ba mutum ba ce. Sai an gwada a ɓera, sai an san yawan da ba zai taɓa hanta da ƙoda ba. Shekaru ne. Da yawa a hanya suke faɗuwa."

"Amma dai yana rage tsatsar. Ke kika faɗa. To ai gara ta sha."

Ta ce a nan ne abin yake da wuya. Wai idan dajin ya riga ya kafu, shi ma yana neman abin da zai kare shi daga wannan cin. Wani maganin asibitin ma da shi yake aiki, ya ƙara wa ƙwayoyin dajin wutar har su ƙone. To idan mutum yana ɗirka wa cikinsa abin da yake kashe wutar, ba a san wa yake taimaka wa ba, shi ko ciwon.

Na sake kallon goron. Maganar ta shiga, amma ban so ta ga ta shiga ba. Mutumin da ya iya bayani haka ya iya ruɗi ma. Na ce mata ta ajiye kwalba da ɓera, da uwarta ce da kullutu kamar goruba da 'yan'yansa a hammata, tukunya za ta ɗora ko mota za ta nema?

"Mota, Inna. Yau, ba gobe ba. Kuma a gaya wa likita duk abin da ta sha, kada a ɓoye."

Ba ta ƙifta ido ba da ta faɗa. Wannan na yarda da shi.

Na ce to ta tashi mu shiga motar nan tasu mu je ta maimaita a gaban Iya da mijin, tunda bakinsu ne ya ɗaure, bakinsu ne zai kwance. Ta miƙe har ta kakkaɓe zane, ta je wurin babban nasu. Ina jin su. Ya ce su ba likitoci ba ne, ba su da izinin ba marar lafiya shawara, idan wani abu ya faru sunan jami'a za a kira. Ya ce ga hadari, ga wasu garuruwan suna jira. Ya juyo ya ce mini, "Hajiya, Allah ya ba ta lafiya." Ban taɓa zuwa Makka ba, kuma ya san ba addu'a na roƙa ba.

"Izinin buga ƙusa fa, wa ya ba ku?" na ce.

Ya sake duba agogo. Na ce aƙalla su cire ƙarfensu su faɗa wa jama'a gaskiya, don kafin nan mutane sun taru a kan iyakar gona. Direban, shi dai wannan direban, ya ɗauko abin kwance taya ya ɓanɓare farantin. Malamar ta ɗaga murya ta ce itacen nan ba a tabbatar yana maganin komai ba, lambar ta gane wuri ce kawai, mai ciwo ya je asibiti. Ta faɗa har da rantsuwa. Suka shiga mota suka tafi ba su ɗebi ko ganye ba.

Ƙurar tayarsu ba ta kwanta ba na ji wani a bayana yana cewa, "Kun gani ko? Sun ga talaka ya gane, sun zo sun cire." Wani ya ce ai ramin ƙusar yana nan, ba za a ɓata ba. Kafin la'asar na ga mutum a kan reshe da adda.

A nan na daina sa ran gaskiya za ta yi mini aiki. Idan malamar da bakinta ta faɗa a gaban gari aka juya maganar, ni idan na kai ta ƙauyen su Auta a bakina me za ta zama? Iya za ta ce hassada ce don itacena ya mutu. Mijin zai sunkuyar da kai ya ce a bari kwanaki su cika. Muddin Auta tana kwana a gidan nan, tukunyar tana kan wuta.

Ina naɗe tabarma na tuna abin da ba mai iya musawa. A wajenmu idan ciwon matar aure ya daɗe, danginta suna zuwa da babba su roƙi a ba su ita jinya. Ba faɗa ba ne, ba yaji ba ne. Miji ba ya hanawa, uwar miji ba ta hanawa, don wanda ya hana ya ɗauki duk abin da ya biyo baya a kansa, kuma gari zai faɗa. Ba a tambayar wane magani za a yi, ana cewa Allah ya sa a dace ne a ɗaure kaya. Idan ta shigo ɗakina, ni da ita ne, ba mai kaɗi a bakin ƙofa. Ta riga ta gaya mini yana sukarta. Sauran maganar ba za ta yi wuya ba, kuma motar birni ta gaban gidana take wucewa.

Babban da ya rage mana shi ne Baffa, ƙanin mahaifinmu. Shi ma na san akwai sassaƙen marken a ƙarƙashin gadonsa, yana sha wai don gwiwa. Saboda haka na yanke ba zan ambaci asibiti a gabansa ba, ba zan ambaci goro ko tsatsa ba.

Da gari ya waye na share ɗaki, na shimfiɗa sabuwar tabarma a kan gadon, na jiƙa gero, na aika a tsayar mini da masu babur biyu. Na sami Baffa a zaure yana lazimi, na durƙusa na jira ya shafa.

"Lafiya da sassafe?"

"Baffa, sa babbar rigarka. Za mu je ɗauko Auta jinya."

Ya dube ni ta ƙasan ido. Ya san ni tun ina tsumma.

"Wane magani za ki yi mata da ba a yi mata a can?"

"Kunu zan dama mata."

"Kunu."

"Kunu, Baffa. Uwarta ba ta da rai, ni ce."

Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce a miƙo masa hularsa. Na riƙe masa sanda har ya hau bayan babur, na ce wa mai tuƙin ya bi a hankali a wurin ramuka, na hau nawa, na ce mu je Watari.